Kawu Malachy da Kyanwar Ƙarƙashin Coci

A gyara zama, a kashe waya, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga Malachy Gaffney nan tafe: Sarkin Keken Doki na bakin lambun St Stephen, Shugaban Masana Tarihin Dublin Waɗanda Ba Su Taɓa Buɗe Littafi Ba, Babban Kwamandan goɗiya guda ɗaya tilo, mai baƙar hular da ta girmi 'ya'yansa, mutumin da ruwan saman garin nan ya yi ta jiƙawa har ya gaji ya ƙyale shi. Kawuna ne, yayan mahaifiyata. Don haka in kun ji gishiri ya yi yawa a labarin nan, kun san gidan da na ɗebo shi.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fuskarsa jawur kamar an yi masa laifi, alhali iska ce kawai ta yi ta marinsa shekara da shekaru. A unguwar Liberties aka haife shi, a wani lungu da har yau in ka shiga da safe warin doki zai tare ka kafin ƙamshin burodi. Mahaifinsa kwal yake kai wa gidaje a amalanken doki. Da manyan motoci suka ƙwace wannan sana'a, sai Malachy ya nemo wani tsohon keke mai kujerun fata da rumfa, ya shafe shi da baƙin fenti, ya koma ɗaukar baƙi masu yawon buɗe ido. Yakan ce bambancin kwal da baƙi ɗaya ne: kwal ba ya tambaya.

Goɗiyarsa ta yanzu sunanta Bridie. Roɗi-roɗi ce, fari da baƙi, gashin ƙafafunta ya rufe kofato kamar ta sa wandon da ya yi mata yawa. Ta san hanya fiye da shi. In suka iso layin tsofaffin gidajen nan masu ƙofofi kala-kala, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, da kanta take tsayawa a ɗauki hoto, har ta ɗan juyo da gefenta mai kyau. Motocin yawo masu bene su wuce su da gudu, mutane zaune a sama da abin sauraro a kunne, Bridie ko kallo ba su ishe ta ba.

Rayuwar Kawu ba ta da wani kwana-kwana. Da sassafe ya shiga barga, ya ba Bridie dusa da ciyawa, ya taje ta yana ba ta labarin wasan ƙwallon jiya. Matarsa, Anti Dympna, ta cika masa fulas da shayi mai kauri wanda cokali zai iya tsayawa a ciki, ta naɗe masa burodi da man shanu, ta bi shi da gargaɗin da take yi tun suna amarya da ango: kada ya shigo mata ɗaki da takalmin barga. Daga nan sai bakin lambu, inda masu keken doki suke jeruwa suna zagin yanayi da gwamnati, tsuntsayen teku kuma suna shawagi suna jiran wanda zai yi sakaci da soyayyen dankalinsa. Da yamma ya dawo, ya ci romon dankali, ya leƙa mashayar kan kwana ya sha kofi guda na baƙar giya, ya kwanta. In ka tambaye shi me yake nema a duniya, zai yi dogon tunani ya ce ƙila sabuwar rumfa.

Amma ku ji shi in baƙi sun hau. Ba ya juyowa gaba ɗaya, ta kan kafaɗa yake magana, linzami a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana nuni. Ga kwalejin nan, a cikinta akwai littafin da sufaye suka rubuta da gashin tsuntsu har idonsu ya mutu, in ji shi, kuma akwai ɗakin karatu mai tsawon da in ka yi atishawa a wannan ƙarshen sai gobe za a ce maka sannu a wancan. Ga fadar nan. Ga tsohon kurkuku can gaba, in kuna da ƙarfin zuciya. Kowane gini da abin da ke cikinsa, har launin labule. Mafi daɗin labarinsa kuwa yana ajiye shi sai Bridie ta haye tudun babban cocin Christ Church tana haki.

Asalin zancen kowa ya san shi. A wani zamani can baya, wata kyanwa ta biyo ɓera da gudu, suka faɗa cikin bututun babban kayan kiɗan cocin, suka maƙale, suka bushe a ciki. Da aka gano su, sai aka ajiye su cikin akwatin gilashi a ginin ƙarƙashin ƙasa, baƙi suna zuwa kallo. Iyakarta ke nan. A bakin Kawu kuwa, kyanwar ta kai girman rago. Haƙoranta kamar ƙusoshin kofato. Ɓeran yana murmushi, domin ya san ya tsira, ko da yake tsirar ba ta yi masa rana ba. Kuma in dare ya yi tsit, masu gadi suna jin kiɗa yana tashi shi kaɗai, ɗan siriri, kamar kuka.

Sai baƙi su yi dariya, su sauka su shiga, Kawu ya tsaya a bakin shingen ƙarfe yana shafa wuyan Bridie.

Domin ga maganar gaskiya: Malachy Gaffney bai taɓa shiga cocin nan ba. Bai taɓa shiga kwalejin ba, balle ya ga littafin. Fada, kurkuku, gidan kayan tarihi, duk iyakarsa bakin ƙofa. Wannan ba abin kunya ba ne a lungunmu. Wuraren nan na baƙi ne. Ɗan gari ya san inda ƙofarsu take, ya san inda ake sayar da soyayyen kifi mai kyau kusa da su, shi ke nan. Amma shi Kawu yana da dalilai biyu na kansa. Na farko dokar mahaifinsa ce: mai doki ba ya sakin kan dokinsa a titi, ko da gidansa ne ke cin wuta. Na biyu dokar mahaifiyarsa ce, Allah ya ji ƙanta. Cocin ba na ɗarikarsu ba ne, su 'yan Katolika ne, kuma tun yana gajeren wando ta ja masa kunne cewa ko ruwan ƙanƙara ake yi kada ya kuskura ya fake a ƙofarsa. Zamani ya canza, limaman ɓangarorin biyu har shayi suke sha tare yanzu, amma babu wanda ya je maƙabarta ya sanar da tsohuwar, don haka Kawu ya bar dokar yadda ya same ta.

To ina yake samo labarin ciki? Wurin baƙin. In suka fito suka hau keke, sai ya ce, "To, yaya kuka gani?" Su kuwa su yi ta zuba. Wani Ba'amurke ya ce kyanwar ta fi yadda ya zata girma. Wata Bajamushiya ta ce haƙoran ne suka ba ta tsoro. Wani ɗan Liverpool da ya sha ya yi tatil ya rantse ɓeran murmushi yake yi. Kawu ya tattara, ya adana, gobe ya mayar wa wasu. Shekara arba'in da wani abu ana wannan musaya, kyanwa tana ta ƙiba.

"Ni ban taɓa yin ƙarya ba," yakan ce wa Anti Dympna. "Abin da aka ba ni nake mayarwa. Sai dai ɗan abin da ya manne a hanya."

"Abin da ya manne ya fi kayan nauyi," in ji ta.

Sau ɗaya tak ya ƙetare iyaka, kuma ba a gaban baƙi ba. Ɗansa Declan ya tafi Ostireliya aikin gini tun da daɗewa, ya yi aure a birnin Perth, aka haifa masa 'ya mace, Clodagh. Kawu bai taɓa riƙe hannunta ba. A waya ya san ta, duk ranar Lahadi bayan an dawo daga coci, fuskarta a ɗan gilashin waya, shi kuma yana matso da tasa har sai hanci kawai take gani. Tun tana ƙarama yake ba ta labarin garin da ba ta taɓa takawa ba, kuma cikin labaran duka kyanwar ta fi so. Wata Lahadi ta tsare shi da ido ta ce, "Kaka, kai ka gan ta?"

Anti Dympna tana gefe tana fere dankali. Ta dakata.

"Da idona," in ji Kawu.

Baƙi suna dariyar labaransa ne su wuce. Abokan aikinsa sun haddace su har suna kwaikwayonsa. Matarsa tsaki take yi. Duk faɗin duniya mutum ɗaya ce ta yarda da shi har zuci, kuma tana can ƙarshen duniyar. Clodagh ta zana kyanwar a makaranta, da haƙora da komai, aka liƙa a bango. Da wani yaro mai suna Tyler ya ce kakanta maƙaryaci ne, ta kwaɗa masa mari. Ranar da Declan ya ba da wannan labari, Kawu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya fita barga ya daɗe bai dawo ba.

A bazarar da ta cika shekara goma sha ɗaya, aka ce suna tafe.

"Malachy Gaffney," in ji Anti Dympna, kuma in ta haɗa sunan da na uba to magana ce babba, "yarinyar nan za ta ce ka kai ta. Ka lallaɓa ka shiga ka gani tun kafin ta sauka, ko ka san inda matakala take."

"Wa zai riƙe mini Bridie?"

"Ka je ranar hutunka da ƙafafunka biyu, kamar mutanen kirki."

Ya juya kofin shayinsa a kan tebur. "Ba ki gane ba, Dympna. Yanzu ban gani ba, duk abin da na faɗa ji na yi. In na gani kuma na sake faɗa, ya zama ƙarya ke nan."

"Wadda ka yi wa yarinyar fa, mece ce? Addu'a?"

Bai je ba.

Clodagh ta iso, doguwa siririya, fuskarta duk ɗigo-ɗigon rana, bakinta da wani irin lafazi da ya sa Kawu yake cewa "me?" sau biyu kafin ya gane. Cikin awa guda ta saba da Bridie, cikin kwana guda ta ƙwace wurin zama kusa da shi a gaban keke. Ya yi ta yawo da ita. Ya kai ta babban lambun Phoenix ta ga barewa suna kiwo. Ya kai ta ƙaramar farar gadar da ke kan kogin Liffey. Ya kai ta bakin teku, wani tsuntsu ya fizge mata kifi daga hannu, ta bi shi da zagin da Kawu ya yi kamar bai ji ba. Duk inda sama take a buɗe, Kawu sarki ne: ya san kowane lungu, kowace mai sayar da furanni ta san sunansa, 'yan sanda suna ɗaga masa hannu. Bai taɓa jin daɗin garin nan kamar makon nan ba.

Amma duk yamma, ana cikin cin abinci, sai ta ɗago kai. "Kaka, yaushe za mu je wurin kyanwa?"

"Ba ta karɓar baƙi ranar Litinin."

"Busasshiya ce fa, Kaka."

"Shi ya sa take buƙatar hutu."

Washegari ya ce hadari ya haɗu. Ta ce ai cocin yana da rufi. Wata ranar ya ce layi ya yi tsawo. Da dabaru suka ƙare, ya koma kan tsohuwar dokarsa: ba mai riƙe Bridie, babanta kuwa ya tafi garin Cork gaida dangin matarsa. Clodagh ba ta yi gardama ba. Ta dai sunkuyar da kai tana wasa da cokali, ta ce ba komai, ai ranar Asabar za su koma, wataƙila wani zuwan.

Anti Dympna ta ajiye tukunyar shayi da ƙarfi. "Ni zan riƙe."

Ku fahimci girman wannan magana. Matar nan rabonta da hawa keken tun ranar aurensu, kuma tana kiran Bridie "waccan dabbar" ne. Kawu ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe.

Ranar Alhamis da hantsi ana yayyafi suka haye tudun. Anti Dympna ta sauko cikin rigar ruwanta ta zuwa coci, ta kama linzami da yatsu biyu, ta miƙe hannu iya tsawonsa.

"In ta taka mini takalmi, Malachy, a kasuwa za ka same ta."

"Ki yi mata magana a hankali. Tana son a yi mata hira."

"Ba ni da abin da zan ce mata. Ku wuce."

A bakin shingen ƙarfe Kawu ya tsaya. Nan ne iyakarsa tun yana yaro. Akwai ma wani wuri a jikin ƙarfen da kafaɗarsa ta goge har yana ƙyalli. Ya yi alamar gicciye a ƙirji da sauri, ya motsa leɓe, ina jin haƙuri yake ba mahaifiyarsa. Sannan ya ɗaga ƙafa ya shiga.

Mai karɓar baƙi a bakin ƙofa wani dattijo ne dogo mai tabarau, Mista Cecil. Shekaru da dama suna gaisawa ta kan shinge, shi ne ma yake kawo wa Bridie sukari a aljihu. Da ya ga Kawu a gaban teburinsa da hula a hannu, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Malachy? Lafiya? Wani ne ya rasu?"

"Tikiti biyu, Cecil."

"Ikon Allah. Shekara nawa ina cewa ka leƙo ko don ka fake wa ruwa, kana cewa..." Nan idonsa ya faɗa kan yarinyar, ya ga yadda take kallon kakanta, ya ga yadda kakan yake kallon ƙasa. Ya yi gyaran murya. "Ina nufin, ban saba ganinka ba doki ba. Ku shiga, ku shiga."

Suka shiga. Kawu ya ɗaga kai ya ga rufin ya yi sama kamar ba za a kai ƙarshensa ba, hasken tagogi masu launi ya zubo a kan daɓe. Da sauri ya sauke kai, don wanda ya saba zuwa wuri ba ya sakin baki. Ya ce, "Ta nan," da muryar da yake ba Bridie umarni, ya yi gaba da ƙarfin gwiwa, ya murɗa wata ƙaramar ƙofa. Tsintsiya ce a ciki, da bokiti, da tarin kujeru.

"Sun canza wurin," in ji shi.

Clodagh ta nuna masa wata kibiya a bango, ƙatuwa, wadda ko Bridie za ta iya karantawa.

Matakalar dutse ce, ta gangara cikin sanyi. A ƙasa rufin ya sauko dab da kai, ginshiƙai gajeru masu kauri sun tsaya ko'ina, ga warin danshi irin na tsohuwar rijiya. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a ƙarƙashin sararin sama sai ya ji nauyin cocin gaba ɗaya a kan hularsa, ga shi hular ma a hannu take. Ya tsaya. Sai ya ji ɗan hannu ya shiga cikin nasa.

"Akwai duhu, Kaka," in ji Clodagh. "Riƙe ni kada in faɗi."

Ba ita ce mai shirin faɗuwa ba, kuma su biyun sun sani.

Akwatin gilashin yana can gefe, da 'yar fitila a kansa. Suka matsa. Kawu ya leƙa.

Kyanwa ce dai. Kyanwa irin ta kowane lungu, har ma ba ta kai wadda take kwana a bargarsa ba. Ta bushe ta yi ruwan ƙasa, kamar tsohuwar safar hannu da aka manta a kan murhu. Haƙoran 'yan ƙanana ne. Ɓeran kuwa, in murmushi yake yi, to a zuciyarsa ne.

Wasu baƙi suka zo, suka ɗauki hoto, suka wuce.

"Kaka."

"Na'am, jikalle."

"Ba ka taɓa shigowa nan ba, ko?"

Ya juya hularsa a hannu. Bakin da ya yi shekara arba'in bai rasa amsa ba ya lalubo ko'ina, bai sami komai ba sai abu ɗaya.

"Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko bakin ƙofa."

Ta saki hannunsa. Ta harɗe nata a ƙirji, tana kallon gilashin. "Na mari Tyler saboda kyanwar nan."

"An gaya mini."

"An hana ni fita wasa. Sai da na ba shi haƙuri a gaban kowa, kuma ban so ba."

"Ki yi haƙuri, Clodagh. Laifina ne, ba na kyanwar ba."

Ba ta ce ta haƙura ba. Ya tsaya yana jira, yana jin sanyin daɓen yana ratsa takalminsa, yana tunanin ranakun Lahadi masu zuwa: ko za ta zo gaban wayar, ko babanta zai ce tana aikin makaranta. Ita kuwa ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta daɗe a haka.

"Amma zo ka gani," ta ce can, a hankali. "Dubi hannunta."

Ya sunkuya, gwiwoyinsa suna ƙara. Ƙafar gaban kyanwar a miƙe take, farata a buɗe. Tsakaninta da ɓeran ɗan taƙi ne kawai.

"Saura kaɗan ta kama shi," in ji Clodagh.

"Saura ƙiris." Ya ƙara matsowa. "Shi bai daina gudu ba, ita ba ta daina bi ba. Tun kafin a haifi kakana suke haka. Duk mutanen da suka shigo nan suka fita suka hau kekena, babu wanda ya gaya mini wannan."

"Ba su duba ba ne," in ji ta. Hannun ya dawo cikin nasa. "Mu je, Kaka, fuskarka ta yi fari."

Da suka fito yayyafin ya ɗauke. Anti Dympna tana tsaye inda suka bar ta, sai dai yanzu kan Bridie yana kan kafaɗarta, kuma bakinta yana motsi. Da ta hango su ta yi shiru ta ture kan. A cikin keken kuwa mutum huɗu ne zaune, mata da miji 'yan Koriya da 'yan matansu biyu, sun lulluɓe ƙafafu da bargo.

"Sun tambaya ko keken na haya ne," in ji ta. "Me zan ce, na ado ne?"

Kawu ya hau, Clodagh ta zauna kusa da shi, Anti Dympna ta matse a baya tare da baƙin tana riƙe da jakarta a cinya. Bai kai ga kaɗa linzami ba mijin ya nuna cocin ya tambaya me ke ciki, ya cancanci a shiga?

Nan ne wurin. A nan Kawu yakan gyara hula, ya rage murya, ya fara. Bridie ma ta san haka, ta saki ƙafa ɗaya tana jiran dogon labari. Ya buɗe baki.

"Akwai wata kyanwa," ya ce. "Da ɓera. Busassu ne. Ba su da wani girma sosai."

Baƙin suka gyaɗa kai cikin ladabi. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta koma kan wayarta. Bridie ta juyo da kunne ɗaya baya, kamar mai tambaya ko shi ke nan. Kawu ya zuba wa linzamin ido. Abin da ya gaya wa matarsa ya tabbata: ya gani, labari ya mutu a bakinsa.

Sai Clodagh ta juya ta durƙusa a kan kujera, ta fuskanci baƙin.

"Kakana ba ya son tsorata mutane ne," ta ce. "Ta kai girman rago. Yanzu muka fito daga wurinta. Na gani da idona."

Yarinyar mai waya ta ɗago kai.

"Yesu, Maryamu da Yusufu," in ji Anti Dympna, tana kallon sama. "Sun zama biyu."

Kawu ya dubi jikarsa. Ita ba ta dube shi ba, sai dai ta zungure shi da gwiwar hannu. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya.

"Ƙaramin rago," ya ce, ta kan kafaɗa. "A faɗi gaskiya. Amma ba girman ne abin kallo ba. In kun shiga, ku sunkuya ku dubi hannunta."

Ya kaɗa linzami, Bridie ta gangara tudun, kuma kafin su kai kogi 'yan Koriyan nan sun sa shi ya yi alkawarin dawo da su.

Ranar Asabar Clodagh ta koma. Ranar Lahadi ta sama ta zo gaban waya tun kafin babanta ya gama gaisuwa, ta sanar da kakanta cewa baɗi ɗakin karatun kwalejin za su shiga, tana so ta yi atishawa ta gani. Ya ce za a duba. Labarin kyanwa yana nan a kan tudu kullum, wani lokaci rago, wani lokaci ɗan akuya, gwargwadon fuskar baƙin. Amma yanzu da hannun nan yake rufewa, kuma a nan ne mutane suke daina dariya. Anti Dympna har yau tana cewa "waccan dabbar", sai dai sukarin gidan yana ƙarewa da wuri.

Abin da ya faru a ƙarƙashin cocin daga bakin Clodagh na ji shi, don ni ma ban taɓa shiga ba. Saboda haka na je neman tabbaci daga tushe. Na same shi a barga yana taje Bridie, na tsaya a gabansa na dafa ƙirji.

"Kawu," na ce, "ya Sarkin Keken Doki, duniya tana sauraro. Bayan shekara arba'in a bakin shinge, ka karya dokar uwa da ta uba rana guda, ka sauka cikin cikin tarihin ƙasarmu. Faɗa wa na baya: me ka ji?"

Bai ko juyo ba.

"Sanyi," ya ce. "Matsa, kana tsaye a kan ciyawarta."